Ranar da Na Yi wa Aljani Turanci

Ba zan taɓa mantawa da wannan 'yar ƙarar ba, ko da zan manta da duk abin da ya biyo bayanta (kuma na so in manta, matan unguwarmu ne suka ƙi ba ni dama). Ƙwas. Iyakarta ke nan, kamar an taka ɓawon gyaɗa. Ina zaune a baranda ina tsintar shinkafa bayan sallar azahar, cikin zafin bazarar nan da duwatsun Kazaure suke tarawa su juye wa mutum a ka. An ɗauke wuta, kaji sun lafe a gindin randa, jaririna yana barci a tabarma. Sai na ji ƙwas. Bayanta wani siririn sauti ya biyo, shiiii, kamar ana zuba rairayi a faranti a hankali.

Na bi sautin da ido. Daga ɗakin Baba Malam yake fitowa.

Baba Malam surukina ne, mahaifin maigidana. Tsohon malamin Turanci ne, ya koyar har ya yi ritaya, kuma tare muke zaune da shi tun da aka kawo ni gidan. A lokacin bai cika wata biyu da rasuwa ba, Allah ya jiƙansa. Ranar addu'ar bakwai, babban ɗansa, wanda muke kira Yaya Alhaji, ya tara mu manya da yara a tsakar gida, ya ja ƙofar ɗakin ya danna kwaɗo. Ya ce duk abin da ke ciki ya zama haƙƙin magada, ko allura kada a fitar har sai autansu ya dawo daga Legas da Sallah an zauna an raba gado. Ya jefa makullin a aljihu, ya koma Roni wurin aikinsa. Tun ranar ba wanda ya taɓa ƙofar. Gizo-gizo har ya yi saƙa daga kwaɗon zuwa bango.

To a cikin wannan ɗakin aka yi gyaran murya. Irin tasa, sau biyu, ta biyun ta fi tsawo. Sannan aka ce:

"Night."

Aka yi shiru, kamar ana jiran amsa.

"Dare."

Farantin shinkafar ya zame daga cinyata.

"Light. Haske." Shiru. "Sight. Gani." Shiru. "Fright. Tsoro."

Muryar nan na san ta kamar yunwar cikina. Tun ina amarya nake durƙusawa a bakin wannan ƙofar kowace safiya tana amsa mini gaisuwa. Ni Musulma ce, na yi Islamiyya, na yi sakandare har na gama. Na san wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa ya ba da darasi. Sai dai wannan sanin bai kwantar mini da hankali ba, ƙara tayar da shi ya yi. In ba shi ba ne, to wane ne ya ari muryarsa?

Kaji suka cinye shinkafar ina kallo. Ban kore su ba.

Bari in gaya muku wani abu game da 'yata Ummi, domin in babu ita labarin ba zai zauna ba. Shekararta takwas a lokacin, kuma ita ce 'yar fari. Mu a gidanmu na Kanya Babba an tashe mu da kunyar ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka zama ka yi hira da shi, ba ka nuna ya dame ka ko da zuciyarka tana narkewa. "Ke" nake ce mata. Saboda haka tun tana rarrafe ta zama ta kakanta. Sunan marigayiya matarsa aka sa mata, shi kuwa ba ya kiranta da komai sai "amaryata", irin wasan kaka da jika. Ya ce tuwonta ba ya tashi, ta ce masa tsohon miji mara haƙori. Da ya rasu ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai yi shiru. Kullum in ta dawo daga boko ta ci abinci, sai ta ce za ta gidan su Zainab, maƙwabtanmu, kafin lokacin Islamiyya. Ni kuma in ce, "Ke, kada ki daɗe." Hirarmu ke nan.

Ke nan duk lokacin da muryar take zuwa, daga ni sai jariri a gidan, don maigidan a Dutse yake aiki, sai ƙarshen mako yake dawowa.

Washegari ma ta zo. Jibi ma haka. Kullum bayan azahar, lokacin da gari yake mutuwa, ko akuya ba ta kuka. Ƙwas, shiiii, gyaran murya. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne natsuwarta. Ba ta gaggawa. Ta faɗi kalma, ta jira, ta faɗi ma'ana. "Might. Ƙarfi." "Tight. Matsattse." "Flight. Tashi sama." Wata rana har bayani ta yi: "Duk 'yan gida ɗaya ne waɗannan. Kan kowa daban, wutsiyarsu ɗaya. A tsakiya akwai haruffa biyu da ba sa magana. Suna nan, amma ba a jin su." Na san darasi ne, ni ma an koya mini shi a aji. Amma ku gwada jin sa daga ɗakin mamaci da rana tsaka, ku gani ko za ku tuna da aji.

Daga nan sai ta ce, a hankali, har da 'yar dariya: "Matso kusa, amaryata. Maimaita."

Ashe ba ni ake nema ba. 'Yata ake kira.

Na yi ta maza rannan na tako har bakin ƙofar ina karanta Ayatul Kursiyyu, hawaye suna zuba. Kwaɗo yana nan, saƙar gizo-gizo tana nan ba ta tsinke ba. Ina tsayawa sai muryar ta ƙara ƙarfi. Wallahi ta ƙara. Na ja da baya, ta sauka. Washegari na sake matsowa, ta sake tashi, kamar tana ganina ta cikin katako. (Ɗakin yana da taga ɗaya ta baya, mai kallon wani siririn lungu da ake zuba toka. Za ku ce me ya hana ni zagayawa in leƙa. Wace ni. Ko shanya na daina yi a wannan ɓangaren.)

Na kira maigidan a waya na faɗa masa. Ya ce, "Kewa ce. Ni ma nakan ji kamar yana kirana. Ki riƙa ɗan kwanciya da rana." Da ya zo ƙarshen mako na zaunar da shi a baranda Asabar da Lahadi. Ko tari ba a yi a ɗakin ba. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi, ya koma Dutse. Litinin bayan azahar: ƙwas.

A wannan makon ne muryar ta fara sauyawa. Ta yi nauyi, ta yi kauri, tana jan kalma kamar daga cikin rijiya ake maganar. Kuma ta bar 'yan gidan night ta koma wasu. "Caaave. Kooogo." "Waaave. Igiyar ruwa." "Graaave. Kabari." Ranar da ta ce kabari da wannan muryar, na saɓi jaririna na fita waje ko takalmi babu. Kwana biyu bayan haka agogon bangon falonmu ya tsaya cak. A ranar da ya tsaya, muryar ta dawo garau, kamar ta ci ta ƙoshi. Da ta sake yin nauyi, sai tocilata ta mutu, ita kuma ta sake miƙewa. Na ce shi ke nan, abin yana shan ran kayan gidan ɗaya bayan ɗaya, in ya gama da su kan mutane zai dawo.

Sai na je wurin Iya Hansai. Tsohuwa ce da ke bayan layinmu, ta yi zaman aure shekaru a ƙasar Nijar kafin ta dawo gida, kuma babu abin da za ka kawo mata ta ce ba ta taɓa gani ba. Ta saurare ni tana murza goro a magogi. Da na gama ta ce:

"Da wane baki yake maganar?"

"Turanci, Iya. Sai ya fassara."

Ta ajiye magogin. "To ai ba na daji ba ne wannan, 'yar nan. Baturen aljani ne. A can Nijar mun san su sarai, Babule ake ce musu, masu son kaki da bakin nasara. Marigayin ya ƙare rayuwarsa yana Turanci a ɗakin nan, ai dole ya yi baƙi masu sauraro. Malaminsu ya tafi, sun ɗauki muryarsa. Yarinyar suke so."

"Iya, in tambaye ta ko tana jin wani abu?"

"Kul. Kina tambayarta kin gaya musu kin gane. Ki sa ido kawai."

Wannan shawara ta yi mini daɗi, domin dama ban san ta inda zan fara tambayar 'yar fari ba. Na sa ido. Kuma na gani. Na ga hijabinta da ƙura a kafaɗa. Na ga ƙwarzane a damtsenta. Da na ɗauki hijabin zan wanke, ƙamshin turaren Baba Malam ya bugi hancina, turaren da kwalbarsa take kulle a wancan ɗakin. Sannan wata la'asar tana wanke-wanke a bakin magudana, ta ba ni baya, sai na ji ta yi gyaran murya. Sau biyu, ta biyun ta fi tsawo. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Grave. Kabari." Ta jira. "Cave. Kogo." Ta yi murmushi ita kaɗai.

A nan na yanke shawara. Zan cire ta daga gidan in kai ta Kanya Babba wurin mahaifiyata, a nema mata magani. Ana tsakiyar zangon karatu, jarrabawa tana tafe, kuma na san abin da zai biyo baya. A ƙauye in aka ce an kawo yarinya saboda iska ta taɓa ta, sunan ba ya goguwa. Zai bi ta makaranta, ya bi ta rijiya, ya jira ta har ranar da wani zai zo neman aurenta. Na san duk wannan, na kuma ɗauko jaka na fara ninke mata kaya ina kuka. Ta shigo ta tarar da ni, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ina za ni?"

"Wurin Inna."

"Yaushe zan dawo?"

"Sai yadda Allah ya yi."

Ta sunkuyar da kai. Ni ma ban ɗago ba.

Amma kafin tafiyar na ce sai an buɗe ɗakin an yi addu'a, don kada abin ya koma kan jariri. Na kira Yaya Alhaji ina sheshsheƙa har ya yarda. Tun da ɗakin gado ne, ba zai buɗe shi kaɗai ba, sai da shaidu. Saboda haka ranar Laraba ya zo daga Roni, ya biya Gwiwa ya ɗauko Gwaggo, ƙanwar marigayin. Maigidana ya nemi izini a wurin aiki ya dawo, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Aka kira limamin masallacin unguwa. Aka shirya cewa da an gama addu'a, Yaya Alhaji zai kai ni da Ummi Kanya Babba a motarsa. Jakarta tana jingine a bakin zaure.

Ummi kuwa tana dawowa daga boko, tun kafin baƙi su iso, na tura ta gidan su Zainab na ce kada ta fito sai an aiko.

Ni mutum huɗu na gayyata. Amma Iya Hansai ta gaya wa mutum ɗaya tak, amana. Bayan azahar sai ga wata ta zo aron rariya, wata aron muciya, wata ta ce kazarta ce ta shigo. Babu wadda ta fita. Suka jeru a jikin katanga da goyonsu. Liman ya ce kowa ya yi shiru, yana so ya ji abin da kunnensa kafin ya ce komai.

Aka yi shiru. Rana tana dukan tsakar gida. Yaya Alhaji ya dubi agogon hannunsa. Maigidana ya dube ni. Gwaggo tana jan carbi tana gyangyaɗi. Wani jariri ya yi atishawa, uwarsa ta toshe masa baki. Ɗakin kuwa tsit. A nan ne na yi abin da har yau nake istigfari a kansa: ni da na shafe makonni ina roƙon Allah ya kore mini abin nan, sai ga ni ina addu'a a zuci, Allah ka sa ya yi magana ko sau ɗaya, kada in ji kunya.

Ƙwas.

Shiiii.

Gyaran murya, sau biyu.

Carbin Gwaggo ya faɗi ƙasa. Ta ce, "Yaya ne," da wata ƙaramar murya, ta zamo daga kujera ta zauna daɓas a ƙasa.

"Zauna da kyau, amaryata," in ji muryar. "Yau za mu ƙarasa. Cave. Kogo."

Ban taɓa ganin fuskar maigidana haka ba. Yaya Alhaji ya ciro makullin, ya suɓuce masa ya faɗi, ya sunkuya yana lalube. Liman ya miƙe ya fara karatu da ƙarfi. Muryar ba ta fasa ba. "Wave. Igiyar ruwa." Matan katanga wasu suna salati, wasu suna neman hanyar zaure, amma ba wadda ta yarda ta fita ta rasa ƙarshen labari. "Grave. Kabari."

Sai na ji an mintsine ni a baya. Iya Hansai ce.

"Ba zai fita da wannan ba," ta raɗa mini. "Irinsu sai an ba su oda da bakinsu. Ke ce uwar yarinya, ke kika yi boko. Tashi ki kore shi da yarensa."

Yanzu da nake rubutawa, na san akwai tambayoyin da ya kamata in yi. Aljanin da ya shafe makonni yana fassara Turanci zuwa Hausa, ta yaya za a ce ba ya jin Hausa? Ga Liman yana karanta maganar Allah, me Turancina na sakandare zai ƙara? Kuma ga maza biyu masu digiri a wurin. Amma a lokacin ban ga kowa ba sai jakar 'yata a bakin zaure. Na miƙe. Na wuce ta gaban Liman, na wuce ta gaban Yaya Alhaji, wanda ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Mayafina ya zame ban tsaya ɗauka ba. Na daki ƙofar da tafin hannu na ce:

"You! Get out. Leave my daughter. Go away from this house."

Tsakar gidan ta yi tsit, har Liman ya dakata. Sai kuma wani abu ya kama ni. Muryar surukina ce fa. A bakin ƙofarsa nake. Jikina da kansa ya tuna abin da ya saba, gwiwoyina suka lanƙwashe, na durƙusa har ƙasa na sunkuyar da kai, na ƙara da ladabi:

"Please, sir."

Aka yi ɗan shiru a ciki. Sannan muryar ta ce, cikin natsuwarta:

"Brave. Mai jarunta."

Ƙwas.

Yaya Alhaji ya samu ya zura makullin. Ƙofar ta buɗe da ƙara, ƙamshin turare da na tsofaffin littattafai ya fito. Ina durƙushe a wurin, ni na fara gani. Haske yana shigowa ta tagar baya, inda wayar sauro ta ɓalle daga gefe ɗaya, ƙarfe ɗaya kuma babu shi. A kan buzun Baba Malam, Ummi ce zaune ta tanƙwashe ƙafa, idanunta waje. A cinyarta akwai 'yar rikodar kaset ɗin da yake jin tafsiri da ita. A gefenta ta jera matattun batura a layi, har da na agogona da na tocilata.

Ni da na tashi a gidan da ake jin kaset safe da yamma, na kasa gane ƙarar maɓallin rikoda.

Yaya Alhaji ne ya fara samun bakin magana. "Ummi, me kike yi a nan?"

"Karatu, Baba."

"Ta ina kika shigo?"

Ta nuna tagar da leɓe.

"Wannan fa?"

"Kaka ne ya yi mini. Da idonsa ya daina ganin littafi, sai ya ce zai zuba mini kalmomin a kaset. Ya ce nawa ne, in ba ya nan in riƙa kunnawa ina maimaitawa." Ta dubi rikodar. "Yau aka ce za a tafi da ni, shi ne na zo in ƙarasa."

"To me ya hana ki ɗauka ki kai ɗakin mamanki, kike hawa taga kamar mage?"

Ta dube shi da mamaki. "Ai kai ka ce ko allura kada a fitar."

Ba wanda ya yi motsi. Sai daga can jikin katanga wata ta kasa riƙewa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Filis, sa." Shi ke nan aka ɓarke. Mata suna dariya suna riƙe ciki, mai aron rariya har da zama a turmi. Liman ya juya baya yana gyara rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Maigidana ya rufe fuska da hula. Na waiga neman Iya Hansai, na hango bayan zanenta yana ɓacewa a zaure. Ni kuwa ina nan durƙushe, ba mayafi, a gaban rikoda.

Gwaggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta rarrafo ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ke amaryar Yaya, sake kunna mini." Ummi ta danna. Da muryar ta yi gyaran nan nata, dariyar ta mutu da kanta. Yaya Alhaji ya zauna a bakin gadon mahaifinsa ya cire tabarau. Muka saurari fuskar kaset ɗin har ƙarshe, manya da yara, muna jin save da gave da ma'anarsu kamar wa'azi.

Da ya ƙare Liman ya ce, in dai marigayin ya ba ta da bakinsa tun yana raye, to kyauta ce, ba ta cikin gado. Yaya Alhaji ya ce ko da tana ciki ma shi ya yafe, ya kira autansu a waya ya ji ta bakinsa, maigidana ya gyaɗa kai. Aka miƙa wa Ummi rikodar da kaset ɗinta a gaban shaidu, aka sake danna kwaɗo. Sannan Yaya Alhaji ya dubi jakar da ke bakin zaure, ya dube ni ya ce, "Maman yara, a mayar da wannan ciki ko? In babu damuwa. Filis."

Har yau a unguwarmu Hajiya Filis ake ce mini. A gidan biki, a gidan suna, har mai kayan miya. Na daina musu, amsawa nake yi. Abin da na koya kuwa ba mai tsawo ba ne. Na tambayi maigida, na tambayi tsohuwa, na tara liman da dangi daga garuruwa biyu, na yi wa aljani Turanci a durƙushe, duk don kada in zauna in yi wa 'yar shekara takwas tambaya ɗaya. Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, da ita aka rene ni. Amma tawa saura kaɗan ta sa in liƙa wa 'yata sunan da ba zai goge ba, a ƙarshe kuma ta sayo mini wata kunyar da ta ishi unguwa guda.

Da la'asar, bayan kowa ya watse, na zauna a ɗaki ina fitar da kayanta daga jaka. Ta shigo rungume da rikodar ta tsaya a bakin ƙofa, inda ta saba tsayawa. Na daɗe ina juya wata 'yar riga a hannuna. Sannan na buɗe baki na kira ta da sunan da kowa yake kiranta ban da ni.

"Ummi. Zo ki zauna."

Ta zo ta zauna a gefena, kafaɗarta tana taɓa tawa.

"Abu ɗaya ne ban gane ba," na ce. "In na matso bakin ƙofar, me ya sa muryar take ƙara ƙarfi?"

Ta sunkuyar da kai tana shafa maɓallin rikodar da yatsa.

"Ina hango ki ta tsagar ƙofa, Mama, kina tsaye kina kuka. Na ɗauka ke ma kewarsa kike yi. Shi ne nake ƙaro miki murya don ki ji sosai."